Tasar da Aka Ce Kada a Wanke

Kwana uku aka ware wa taron horar da malamai da aka yi a Rabat. Malam Bushta ya halarci ɗaya da rabi. Ranar farko motar da ya shiga ta sauke shi a wata unguwa daban, rabin rana ta uku kuma ya ƙare a kasuwa wajen neman firam ɗin da zai saka takardar shaida. Duk da haka, tun da ya dawo Aferdu ba a sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a garin ba. Ko lafiyar iyali ka tambaye shi, amsar za ta fara da “kamar yadda muka tattauna a Rabat.”

Abin da ya ɗauko a can sunansa karatu a aikace. Kowane ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare zai zaɓi wani abu a wajen aji, ya bi shi da kansa, ya rubuta abin da ya gano, a ƙarshen zango sufeto ya zo daga lardi ya duba. Tsarin ba shi da aibu. Aibun yana wajen wanda ya ɗauki tsarin ya damƙa wa Bushta.

Ranar da ya karɓi rahoton ɗalibai, ya tsaya a kan wata yarinya mai suna Zuhur, wadda ta ajiye wani littafi mai baƙin bango a gabanta.

“Ke me kika zaɓa?”

“Tasar ruwa, Malam. Sati uku ke nan ina zama wajen Baba Haddu da agogon babana.”

“Kina yin me?”

“Ina kallonta tana nutsewa, ina rubutawa.”

“Sati uku kina kallon kwano yana nutsewa.” Ya juya ga aji ya buɗe hannuwa. “Wannan ai ko kaza za ta iya. A Rabat an ce mana ɗalibi ba ɗan kallo ba ne. Rufe littafin nan. Ba za mu kalli tasa ba, karɓe ta za mu yi.”

Ruwan Aferdu daga ido ɗaya yake fitowa, ya kwana yana taruwa a tafki, da safe a buɗe masa ƙofa ya bi magudana zuwa lambuna. A bakin tafkin Baba Haddu yake zama da bokiti cike da ruwa, da tsohuwar tasar tagulla mai ɗan huji a gindi. Ya ɗora ta a kan ruwan bokitin, ta riƙa sha a hankali har ta nutse. Ta nutse, tasa ɗaya ke nan, ya ƙulla ƙulli a ganyen dabino ya sake ɗorawa. Kowane lambu da adadin tasarsa, kuma bayan kwana huɗu layi yake dawowa kan mutum.

Lambun ƙarshe na Malama Tamu ne, wadda ta koyar da lissafi shekara talatin da huɗu kafin ta yi ritaya. Tasa uku ne rabonta. Biyu a hanya suke ƙarewa kafin ruwa ya iso gare ta, ta ukun ce take sha. Da wannan tasa ɗaya take rainon dashen dabino bakwai da ta ciro daga gindin dabinon mahaifinta, wata guda kafin iska ta kayar da uwar. Ba sauran irinsa a ko’ina. Kuma kowa ya san dashe a zafinsa na farko ba ya yafe ƙishi.

Sai aka yi rashin sa’a, aka ba Baba Haddu ranar aikin ido a Warzazat, zai yi kwana takwas. Bushta ya je gaban dattawan gari da takardar shaidarsa a hammata, firam da komai, ya yi magana har shayi ya huce sau biyu. Suka ba shi tasar don su samu su tashi.

Ranar Lahadi Baba Haddu ya miƙa masa ita da hannu biyu.

“Abu uku, ɗana. Kada ka ɗaga ta kafin ta nutse. Kada ka manta ƙulli. Kada ka wanke ta.”

“Baba, ka tafi hankalinka kwance. A Rabat na ga agogon da ke auna ruwan birni guda.”

“Shi ma wanke shi suke yi?”

“Kullum.”

“To wannan ba a wanke ta.”

Motar tsohon ba ta gama fita gari ba Bushta ya ɗaga tasar yana duba ta a rana. Baƙa ƙirin, ciki da waje, ga wani farin ɓamɓaroki irin wanda ruwan garin ke bari a gindin kowace buta, ya taru ya kusa rufe hujin. Ya yi tsaki. Wannan abin za a nuna wa sufeto? Ya aika aka kawo lemun tsami shida da toka. Ya dirje ta har ta koma ja tana ɗaukar ido. Ya ɗauki ƙusa ya zura a hujin, ya juya, ya sake juyawa, ya hura, ya leƙa ta ciki ya hango hasumiyar masallaci tsaf.

Zuhur ta ɗaga hannu. “Malam, Baba Haddu ya ce...”

“Baba Haddu ba ya gani. Shi ya sa ya tafi Warzazat.”

Litinin da safe ya zo da ɗalibai ashirin da biyu, da usur, da lasifikar makaranta. Aka buɗe ƙofar tafki, aka ɗora tasa. Kafin ya gama gyara tsayuwa ta nutse. Aka ƙulla, aka sake ɗorawa, ta sake nutsewa. Yaron da ke ƙulli har yatsunsa suna harɗewa.

“Kun gani?” in ji Bushta. “Kayan aiki in ya samu kulawa, shi ma da zuciyarsa yake aiki.”

Ya sa baki a lasifika ya shiga kiran sunaye. Mutanen da suka saba ruwansu na hantsi ne suka ji an kira su suna tsakiyar karin kumallo. Masu na azahar suka fito da gudu, wani da fartanya ba takalmi, wani da takalmi ba fartanya. Liman ya tattare jallabiya ya tsallake katanga, abin da ba a ga ya yi ba shekara ashirin. Kafin mutum ya kai bakin lambunsa ya cire dutsen da ya toshe masa hanya, lasifika ta riga ta yi masa godiya ta kira na gaba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata aka gama aikin yini guda, aka rufe ƙofa, tafki bai ko ragu ba.

“Abin da tsoho ke yi har la’asar,” in ji Bushta yana share hannu. “Ku rubuta wannan.”

Yana faɗa ya hango baƙar lemar Malama Tamu tana tahowa ta kan magudana. Ba sauri take ba. Mutane suka riƙa ba ta hanya.

“Bushta.”

Shekararsa arba’in da ɗaya, da gashin baki da takardar shaida, amma sai ya tsinci kansa a tsaye ƙyam, hannuwa a baya.

“Ina kwana, Malama.”

“Tasa nawa gare ni?”

“Uku, Malama. An ba ki uku cif. Ga ƙulli.”

“Na ga ƙulli. Ƙullin zan zuba wa dabino? Ruwa ya zo gindin ɓauren da ke kusa da dashena, ya leƙo ni, ya tsaya. Taki goma sha ɗaya tsakaninsa da dashen farko, na auna. Ba ni tasar.”

Ta ɗaga ta, ta sa ido a hujin, ta kalle shi ta ciki.

“Wa ya taɓa wannan?”

“Ba a taɓa ba, Malama. Tsabtacewa dai aka yi.”

“Aji uku,” ta ce, ba ta ɗaga murya ba, amma har yaran baya sun ji. “Ranar wata Talata. Darasin tanki mai yoyo. Uku bisa ashirin ka ci. Biyu na rubuta sunanka daidai, ɗaya na tsabtar takarda. Ashe har yau tsabtar kaɗai ka iya.”

Ta ajiye tasar, ta ce masa zai samu takarda. Kafin azahar ya same ta, shafi biyu, da kwanan wata, da layi ja a ƙarƙashin kalmar diyya.

Bushta ya gaya wa ɗalibai cewa duk sabon abu sai ya gamu da masu adawa, an ma yi musu darasi a kan haka a Rabat. Amma da yamma an gan shi shi kaɗai yana leƙen hujin. Huji ya yi faɗi, magani a rage shi. Ya duba dama da hagu, ya ciro dabino daga aljihu, ya tauna rabi, ya liƙa a gindin tasar ta ciki, ya soka tsinke a tsakiya.

Talata layin ya fara da Assu mahauci, mai tasa biyu. Aka buɗe ƙofa, tafkin da ya kwana da ruwan kwana biyu ya sako shi da ƙarfi. Aka ɗora tasa. Ta zauna a kan ruwa tana sheƙi, ƙudaje suna zagaya ta.

Rabin sa’a ya wuce. Assu ya zo bakin tafki yana murmushi.

“Malam, Allah ya yi wa Rabat albarka. Ciyawar tumakina ba ta taɓa ƙoshi irin na yau ba.”

“Ka fara ganin ilimi ke nan.”

Sa’a guda ta cika. Assu ya dawo, wando a naɗe.

“Malam, ya isa haka. Na gode.”

“Tasa ba ta nutse ba.”

“Ni na nutse. Ruwa ya tsallake katanga, yana garken tumaki.”

“Baba Haddu ya ce kada a ɗaga ta kafin ta nutse. Ni mutum ne mai bin doka.”

“Yanzu ka tuna da abin da Baba Haddu ya ce?”

Daga garke ruwa ya gangara lungu, daga lungu ya shiga gidan gashin burodin unguwa, inda mata suka jera farantansu tun safe. Aka ga burodi yana fitowa ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya, tumakin Assu suna biye da shi a jiƙe suna cafka. Wata tsohuwa ta gane nata da alamar yatsa uku da take yi masa, ta bi shi da muciya har bakin kasuwa, tana faɗa wa tunkiyar da ta riga ta gare shi asalin kakanninta.

Sa’a biyu da minti goma dabinon ya yi kafin ya jiƙe ya saki. Tasar ta nutse kamar an ja ta.

“Ɗaya,” in ji Bushta. “A ƙulla. Saura ɗaya, Assu.”

Mutum huɗu suka riƙe mahaucin.

Laraba ba wanda ya sha ruwa, tafki ya ƙafe har ana ganin kwalaben da aka jefa a ciki tun bara. Alhamis Bushta ya zo da sabuwar dabara. Ya ɗaga wayarsa a gaban masu lambu ya ce zamanin kwano ya wuce, da agogon waya za a auna. Abin da ya rage kawai a faɗa masa tasa ɗaya minti nawa ce.

“Goma sha biyu,” in ji wanda layi ke dab da shi.

“Biyar,” in ji maƙwabcinsa na ƙasa.

“Biyar a gidanku. Ubana ya sha shayi kofi uku a tasa ɗaya.”

“Ubanka da zafinsa yake kwankwaɗa, kowa ya sani.”

Zuhur ta ɗaga hannu, littafin nan a ƙirjinta. “Malam, ni ina da...”

“Zuhur, manya na magana.”

Shekara ɗari ana rabon ruwa a garin, ba wanda ya taɓa tambayar minti, domin tasa ba ta da dangi a cikinsu. Aka yi ta musu har Juma’a, ranar da layi ya kamata ya dawo kan Malama Tamu. Da aka kai ga ɗaga fartanya, dattawa suka sa kwaɗo a ƙofar tafki suka ce ba mai sha sai Baba Haddu ya dawo.

Da yammar ranar Bushta ya bi ta bayan lambuna don kada ya haɗu da Assu, sai ya faɗa inda ya fi muni. Malama Tamu ce, shekara sittin da takwas, da buta biyu, tana ɗebo ruwa daga famfon masallaci. Ta tsiyaya a gindin dashe, ƙasa ta shanye kafin ta miƙe. Ganyen sun naɗe, bakinsu ya yi ruwan toka. Na bakwai, ƙaramin cikinsu, ya sunkuyar da kai.

Ya so ya wuce. Ba ta ko juyo ba.

“Takarda ta biyu tana wajen matarka.”

“Malama, ranar Litinin komai zai daidaita. Sufeto da kansa zai...”

“Sufeto ruwa ne?”

Ya tafi gida ya kulle tasar a akwati, ƙarƙashin takardar shaida. Ranar Lahadi ya naɗe ta a tawul ya kai wa mai gyaran tukwane a kasuwar ƙauyen gaba, inda ba a san shi ba. Mutumin ya narka dalma ya shafe hujin. Bushta ya karɓa ya soka allura sau ɗaya.

“Ba za ka gwada ba?” in ji mai gyaran.

“Gwaji na masu shakka ne.”

Litinin aka kafa rumfa a bakin tafki, aka shimfiɗa dardumai na aro, aka jera kujerun makaranta. An rataya ƙyalle mai rubutu: Ɗalibai Sun Karɓi Ragamar Ruwa. Garin duka ya zo, ba don son ilimi ba. Sufeto ya iso ƙarfe goma, dogon mutum mai farin takalmi, aka ba shi kujerar tsakiya da shayi da dabino. Malama Tamu ta zauna a layin gaba, lema a cinya, Zuhur a gefenta.

Dattawa sun yarda a cire kwaɗo na tsawon tasa ɗaya, don baƙo. Doka kuma ita ce layi ya tashi daga inda ya tsaya, wato tasar Assu ta biyu. Abin da Bushta bai sani ba, tun Laraba mahaucin ya toshe hanyar lambunsa da tsohuwar ƙofa da duwatsu da buhun yashi, ya rantse ko ɗigo ba zai sake shigar masa ba sai baɗi.

“Ranka ya daɗe,” in ji Bushta cikin lasifika, “ba zan cika ku da surutu ba. Tasa ɗaya zan yi magana. Tana nutsewa, na yi shiru.”

Wannan ne karo na farko da aka tafa masa a garin.

Aka buɗe ƙofa, aka ɗora tasa. Ya yi magana a kan karatu a aikace. Ya yi a kan ɗalibi da al’umma. Ya saci kallon bokiti, tasa tana nan a bushe kamar jirgi a tasha. Ya koma kan Rabat, faɗin titunanta, tsayin ɗakin taro. Ya sake kallo. Ya faɗi sunayen waɗanda suka gabatar da jawabi, har da na ranar da bai je ba. Da suka ƙare ya shiga abincin rana, yadda aka kawo kaza da zaitun, aka biyo da lemu yankakke da kirfa.

“A kawo mana shayin bayan abincin,” wani ya ce daga baya.

Ruwan ya je ƙofar Assu ya tarar a rufe, ya juyo. Magudana ta cika ta tumbatsa. Dardumar farko ta yi duhu daga gefe, ta biyu ta ɗaga kanta a hankali. Sufeto ya kalli ƙasa, ya ɗaga farin takalminsa ya ɗora a sandar kujera. Tiren dabino ya taso ya wuce ta gabansa.

“Malam,” in ji Assu daga kan katanga inda ya hau tun da wuri, “a rufe mana. Ai tasa ta nutse a zuciyarmu.”

“Saura kaɗan,” in ji Bushta.

Ya matsa kusa da bokiti yana ci gaba da magana, ido a kan sufeto. Ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ta baya, da nufin ya danna bakin tasar da yatsa ta sha ruwa. Dardumar da ƙafarsa ɗaya ke kai ta riga ta zama kwale-kwale. Ta tafi da shi. Lasifika ta yi wani kuka, ya faɗa magudana da baya, ruwa ya ja shi taki ashirin ya jingina shi da tsohuwar ƙofar Assu. Bokiti ya kife. Tasar ta fito ta bi ruwa, ta zo ta tsaya a ƙirjinsa, har yanzu ba ta nutse ba.

Daidai lokacin motar Warzazat ta sauke Baba Haddu, ido ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan a buɗe tar. Ya tako cikin ruwa har idon sawu, ya sunkuya ya ɗauki tasar daga ƙirjin Bushta, ya juya ta. Ya daɗe yana kallo.

“Shekara shida ina roƙon Allah ya buɗe mini ido,” ya ce. “Da na san abin da zan fara gani, da na ƙara haƙuri.”

Aka rufe ƙofa. Malama Tamu ta miƙe, ruwa yana bin gefen zanenta, ta buɗe takarda ta uku.

“Ranka ya daɗe, sunana Tamu, malamar lissafi mai ritaya. Ba zan yi tasa ɗaya ba, rabi ya ishe ni. Dashena bakwai rabonsu da ruwan magudana kwana goma sha ɗaya. Ina neman abu uku. Na ɗaya, a mayar da tasa yadda take.”

“Wa zai iya, Malama?” in ji Baba Haddu. “Ruwan shekara ɗari ne ya gina hujin nan. Ni kaina a jikina nake jin lokacinta, ban san adadinsa ba.”

“Zuhur, tashi.”

Yarinyar ta buɗe littafi mai baƙin bango. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu ta auna tsohuwar tasar da agogon babanta, safe da rana, da ranar iska da ranar da ba iska. Minti bakwai da rabi, ba ta taɓa wuce haka da fiye da daƙiƙa goma ba.

Sufeto ya sauke ƙafafunsa cikin ruwa ba tare da ya lura ba, ya miƙa hannu ya karɓi littafin. Ya buɗe shafi bayan shafi.

“Malaminku ya ga wannan?”

“Ya ce ko kaza za ta iya, ranka ya daɗe.”

“Da ya samo kazar tun farko,” in ji Assu, “da burodinmu na nan.”

Aka kira maƙerin gari. Ya zauna a bakin tafki yana buɗa dalmar kaɗan-kaɗan, Zuhur tana riƙe da agogo, gari duka yana leƙe. Gwaji na farko minti ashirin. Na biyu sha ɗaya. A na biyar tasar ta nutse a bakwai da rabi, Baba Haddu ya rufe idonsa mai lafiya ya gyaɗa kai.

“Layi na Assu ne,” ya ce.

“Na ba Malama,” in ji Assu. “Har na mako mai zuwa, in tana so.”

Da uku nata da ɗaya na Assu, ruwa ya wuce gindin ɓaure kafin la’asar.

Abu na biyu da ta nema, a rubuta sunan Zuhur ita kaɗai a kan aikin, sufeto ya rubuta a take. Da zai shiga mota, takalmi a hannu, ya dubi Bushta da ke ɗiga ya ce bai taɓa ganin darasi a aikace irin wannan ba. Bushta ya nemi a ba shi hakan a rubuce.

Abu na uku ya fi daɗewa. Dashe shida sun warware cikin mako guda. Na bakwai ya ƙi. Don haka kullum bayan an tashi makaranta ana ganin Malam Bushta da bokiti biyu tsakanin famfon masallaci da lambun ƙarshe, sawu takwas, Malama tana zaune a inuwa tana ƙirga. In ya gama ta miƙa masa allo da alli: tanki mai cin bokiti sittin, yana yoyon bokiti biyu a minti, an ninka faɗin hujin. Kullum ta duba, ta rubuta uku.

A kwana na talatin da takwas wani ɗan koren tsini ya leƙo daga tsakiyar dashen. Malama ta durƙusa ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta karɓi allon, ta goge ukun ta rubuta huɗu.

“Na ɗaukar ruwa ne,” ta ce. “Lissafin har yanzu ba daidai ba ne.”

Kafin magariba yana wajen mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

“Kun san Malama ba ta yabo. Amma yau da hannunta ta ninka mini maki. Daga uku zuwa huɗu, ninki biyu cif.”

Masu shan shayi suka ajiye kofuna. Duk suna kallon bayansa. Inuwar lema ta sauka a kan teburin.

“Bushta. Kawo allon.”